Cinikin Iska

Ni Barau, dillalin shanu a kasuwar Maigatari,
shekara talatin ina buɗe bakin bijimi ina ƙirga haƙora.
Ban taɓa sayen abin da ban shafa tozonsa ba
sai bara, da na sayi iska.

'Yar akwati ce fara mai ƙaho biyu.
Lantana ta ɗaure ta a reshen darbejiya da igiyar guga,
don nan kaɗai take kama sabis.
Da ita take jin malamanta na Dutse tana kan tabarma,
da ita nake leƙa farashin raguna a Kudu kafin in yi lodi.

Shekara ta cika. Yaron kamfani ya zo kan babur,
Sadisu, ɗan Gumel, da riga mai tambari.
Ya ce, Baba, sabuntawa. Kuɗi ya hau,
dubu sha takwas duk wata.

Na ce a dama masa fura.
Ba a ciniki da mai ƙishirwa, sauri yake yi.

Na ce, Yaro, a kara in an sa kuɗi sai an duba dabba,
kuma wannan taku ɗingishi take.
Hadari ya haɗo daga gabas, ta kwanta.
Injin niƙan Gambo ya tashi, idonta ya yi ja.
Da damina kwana tara ba ta motsa ba,
ni kuwa na biya kuɗin harawa cif.
Na taya dubu goma.

Ya yi dariya, ya ce a kamfani ba a tayi,
daga sama farashi ke zuwa a rubuce.
Na ce, ruwa ma daga sama yake zuwa,
amma mu ke haƙa masa hanya.

Sai ya latsa wayarsa, ya ɗaga gira.
Baba, ku nawa ne a gidan nan?
Na ce huɗu, da akuya.
Ya ce, waya sha bakwai ke sha daga akwatinka.

Na yi shiru.
Na tuna masu jeruwa jikin katangata bayan isha'i,
Ilu tela, da Tanko mai maganin dabbobi, da samarin ƙwallo,
kowa da haske a haɓarsa.
Ni na ɗauka hirata ce ta ƙara daɗi.
Ashe Lantana ta ba ƙawarta lambar sirri,
ƙawa ta ba wanta,
wa kuma ya ba gari.

Kunya ta riƙe ni tsawon kurɓa ɗaya,
sannan dillali ya farka.
Na ce, To ka gani? Garke ka tarar, ba saniya guda ba.
Shekara cur ina muku talla, ban ga la'ada ba.
Masu jar riga sun kafa ƙarfensu a Sule Tankarkar,
shekaranjiya yaronsu ya sha fura kan tabarmar nan.

Bai sha ba. Ruwa ya roƙa, ya tambayi hanya.
Amma dai ƙwaryar ita ce wannan.

Sadisu ya zaga bayan rumbu ya kira ogansa,
ba abin da nake ji sai yallaɓai, yallaɓai.
Ya dawo ya ce sha uku, in na biya wata shida a dunƙule.
Na miƙe, na kaɗe riga, na nemi buta.
Sha biyu, Baba!
Na ce, da gyara: a ɗaga ta kan ƙarfe, darbejiya ta gaji.
Ya ce, na sallama,
kamar wanda aka cire wa haƙori ba allura.

Da dare na shimfiɗa buzu jikin katanga,
na ajiye ƙwarya a tsakiya.
Na ce, wanda ya sha ya jefa.
Aka yi tsit, haske ya dushe a haɓoɓi.

Ilu tela ya gyara murya,
ya ce ai sabis ɗin nan ɗingishi yake,
hadari ya haɗo, ya kwanta.
Ya taya ɗari biyu.

Na ce, albarka.